Labarin Malam Aminu Kano, Malamin Makarantar da Ya Ja da Masu Mulki

Mu da muka tashi a Tsiga, tsakanin gonakin auduga da na dawa, ba mu taɓa ganin ranar karɓar haraji da idonmu ba. Labarinta kawai mu ke ji daga bakin dattawa: yadda mutum zai kai audugarsa kasuwa da kaka, kuɗin ba su ko kwana a hannunsa ba sai su wuce wurin mai gari, da yadda Bafulatani zai kwana a daji da shanunsa don tsoron masu ƙidayar jangali. Wanda ya kasa biya kuwa, ko dai ya sayar da akuyarsa, ko ya sha rana a ƙofar fada, ko ya tsere ci-rani. In muka tambayi dattawan nan wa ya ɗauke musu wannan kaya, suna ɗaya su kan ambata. Da ya ke mai sunan nan malamin makaranta ne, irin aikin da mu ke koyo yanzu, mun ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwa da malamanmu labarinsa.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a 1920. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai na Fulanin Genawa, ubansa Malam Yusufu kuwa masanin shari'a ne, ya yi aiki a kotun alƙali. A gida ya fara karatun allo, sa'an nan aka sa shi Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Yaro mai irin wannan asali da irin wannan ilmi, a zamanin nan, hanyarsa a share ta ke. In ya yi ladabi ya kama bakinsa, ba abin da zai hana shi zama alƙali ko wani babba a En'e. Shi kuwa sai ya zaɓi alli da allo.

Aka tura shi Midil ta Bauci. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma haɗu da Malam Sa'adu Zungur, mutum mai zurfin ilmin Arabiyya da kaifin harshe, wanda ya zame masa kamar malami a sha'anin siyasa. Suka shiga wata ƙungiya ta tattaunawa, inda ma'aikata da Turawan mulki su kan zauna a yi muhawara. Da fari hukuma ta ga abin kamar wasa ne na 'yan boko, amma da tambayoyi suka fara taɓa sarakuna da ikonsu, sai aka rufe zaman. A 1946 aka aika da shi Ingila ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan. Can ya ga masu mulki suna tsayawa gaban jama'a suna roƙon ƙuri'a, ya ga ɗan leburan ma'adini yana zaune a majalisa. Da ya komo ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, sa'an nan aka kai shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato. Masu lura sun ce nisan wurin ba a kan kuskure aka zaɓe shi ba.

Kafin mu ci gaba, sai mun bayyana irin mulkin da ya tashi ya ja da shi, don na baya su kan zaci da Turawa kaɗai aka yi rigimar. Turawa sun bar mulkin yau da kullum a hannun sarakuna, watau En'e. Sarki ne ke naɗa hakimi, hakimi ya riƙe dagatai, dagaci ya riƙe masu unguwa. Kotun alƙali ta En'e ce, 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne, baitulmali nata ne. Sabo da haka talakan da hakimi ya zalunta, in ya kai ƙara, gaban yaron ubangidan hakimin zai tsaya. Razdan da Di'o suna bisa suna kallo, muddin haraji ya cika ba su cika tona abin da ke ƙasa ba. Lalle akwai sarakuna masu adalci, ba mu musa ba, amma wanda ya ƙi yin adalcin ba mai iya tsawata masa daga ƙasa.

Ran 8 ga Agusta, 1950, waɗansu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda a ke kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu yana Maru tukuna. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin Gwamnati ya komo Kano ya shige ta, a 1953 kuwa aka zaɓe shi shugabanta. Mu da mu ke jiran ranar da za mu fara karɓar albashi, mun san nauyin abin nan da ya yi. Ya bar abincinsa tabbatacce yana da shekara talatin, ya bi mutanen da yawancinsu teloli ne, da 'yan koli, da mahauta, da almajirai, ba mai ko sisin da zai ba shi.

Abin da ya sa maganarsa ta shiga ƙauyuka irin namu, a ganinmu, shi ne bai zo wa talaka da baƙon harshe ba. Da Hausa ya ke magana, Hausa mai sauƙi da ban dariya, ya kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi. Ya kan tuna wa jama'a cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa, to, ƙaƙa abin ya komo a hannun magadansa? Da abokan gaba suka ce 'yan Sawaba marasa kunya ne, masu raina na gaba, sai ya zama da wuya su ce wa ɗan malaman Kano, mai fassara Alƙur'ani, bai san addini ba. Ya hori talaka ya daina faɗuwa ƙasa gaban ɗan'uwansa mutum, ya san harajin da ya biya da shi a ke biyan hakimi albashi. Ya kuma nace a kan ilmin mata da ƙuri'arsu tun lokacin da faɗar haka abin zargi ne, har aka sami mata irin su Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri sau da yawa sabo da jam'iyyar.

Zaɓen 1951 ya nuna wa kowa yadda aka shirya wasan. Ba kai tsaye a ke zaɓe ba, hawa-hawa ne, daga unguwa zuwa gunduma har zuwa lardi, a fili kuma a ke yi gaban masu sarauta, a hawan ƙarshe kuwa En'e tana da iznin ta cusa nata mutane. NEPU ta yi rinjaye a hawan fari a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ko mutum ɗaya nata bai shiga Majalisar Kaduna ba. Jam'iyyar NPC, wadda sarakuna suka mara wa baya, ita ta kama mulki, Sardaunan Sakkwato ya zama Firimiya a 1954. Shekarun da suka biyo baya masu zafi ne. A kan hana su iznin lacca, in sun yi a kama su. Alƙali ya ɗaure mutum wata shida a kan ya zagi hakimi, a yi wa wani bulala, a ƙara wa wani haraji, a kori wani daga gonar gado. A Kano har wata ƙungiya aka yi mai suna 'Yan Mahaukata, aikinta dūkan 'yan Sawaba. Shi kansa Malam ya faɗi zaɓe a 1954, ya sāke faɗuwa a 1956. Sai a 1959, da aka yi zaɓe kai tsaye da ƙuri'ar asiri, ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko.

A nan akwai abin da ba za mu ɓoye ba. NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, ita kuwa NCNC ta haɗa gwamnati da NPC. Sai ga Malam zaune a gefen Gwamnati a Ikko, alhali mabiyansa suna cike da gidajen yari a Arewa. Waɗansu sun ce dabara ce, waɗansu sun ce rauni ne. Mu dai mun ga talaucin jam'iyya ne ya tilasta ta jingina da mai ƙarfi, ta kuwa biya kuɗin jinginar. Ya rasa kujerar a 1964. Soja suka karɓi mulki a 1966 suka rushe jam'iyyu, daga 1967 kuma ya yi wa Janar Gowon kwamishinan sadarwa, daga baya na lafiya. A cikin shekarun nan aka raba En'e da kotuna da 'yan doka da gidajen yari, abin da NEPU ta daɗe tana kuka a kai.

Da aka komo siyasa a 1978 ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, wanda matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, ya zo na huɗu cikin mutum biyar, Alhaji Shehu Shagari ya ci. Amma jam'iyyarsa ta sami gwamnoni biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna. A lokacin ƙasar Katsina duka tana cikin Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke ta, sabo da haka Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Tsiga duk suna ƙarƙashin gwamnan PRP. Gwamnonin nan biyu suna hawa suka soke haraji da jangali. Shekara ashirin da tara ke nan bayan taron samarin nan takwas.

Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta dāre biyu, 'yan santsi suka bi gwamnoni, 'yan taɓo suka tsaya tare da Malam, yaran da ya rena suka riƙa jifansa da magana a bainar jama'a. Majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. Malam yana shirin sāke tsayawa zaɓe ajali ya cim masa, ran 17 ga Afrilu, 1983, Allah ya ji ƙansa. Ya yi kwamishina shekara bakwai, amma bai bar wata dukiyar da a ke labari ba. An sa sunansa a filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa na can, gidansa na Gwammaja kuwa, wanda a ke kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, a nan kuma kabarinsa ya ke.