Charles Kettering

Charles Franklin Kettering (an haife shi a ranar 29 ga watan Agusta, 1876, ya rasu a ranar 25 ga watan Nuwamba, 1958) injiniya ne kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da ƙera na'urar tayar da injin mota da lantarki, wadda makanikai ke kira kik ko sitata. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Delco, kuma ya shugabanci sashen bincike na kamfanin General Motors daga 1920 zuwa 1947. Yana da takardun mallakar fasaha 186 a Amurka. Abokan aikinsa suna kiransa Boss Ket.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a wata gona kusa da garin Loudonville a jihar Ohio. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar na Jacob Kettering da Martha Hunter Kettering. Tun yana yaro yake fama da raunin ido da ciwon kai. Bayan ya gama sakandare ya yi koyarwa a makarantar ƙauye, sannan ya shiga Kwalejin Wooster, daga nan ya koma Jami'ar Jihar Ohio. Ciwon ido ya sa ya dakatar da karatu, ya kama aiki da masu kafa turaku da ja wayar tarho, har ya zama shugaban ayarinsu. Da idon ya yi sauƙi sai ya koma jami'a, ya sami digiri a fannin injiniyan lantarki a 1904, yana da shekara 27.

Aiki a kamfanin NCR

A shekarar da ya gama karatu kamfanin NCR na birnin Dayton ya ɗauke shi aiki. Kamfanin yana ƙera na'urar karɓar kuɗi da lissafin ciniki ta kantuna, wadda a lokacin da hannu ake murɗa ta. A 1906 Kettering ya sanya mata ƙaramar motar lantarki. Abin da ya lura da shi shi ne, motar da za ta yi aikin ɗan lokaci kaɗan sannan ta huta ba sai ta yi girma ba. Ana iya ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta, muddin za a bar ta ta huce kafin a sake. Wannan fahimta ita ce daga baya ya kai cikin mota.

Delco da tayar da inji

Wani babban jami'in NCR, Edward Deeds, ya jawo shi harkar motoci. Su da wasu abokan aiki sukan haɗu da dare da ranakun hutu a wani rumbu da ke gidan Deeds suna gwaje-gwaje. A 1909 Kettering ya bar NCR, suka kafa Delco. Abin da suka fara sayarwa shi ne tsarin ba fulogi wuta daga batir da kwayil, kuma kamfanin Cadillac ne ya saya.

A wancan zamani da hannu ake tayar da mota. Direba zai tsaya a gabanta ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ya murɗa, kamar yadda ake tayar da wasu injinan niƙa har yau. Aikin yana son ƙarfi, kuma akwai haɗari. Idan wuta ta kama kafin fistin ya kai sama, injin yakan juya baya, ƙarfen ya dawo ya karya yatsa ko hannu ko muƙamuƙi. Ana yawan ba da labarin Byron Carter, mai kamfanin Cartercar da ya mutu a 1908, cewa irin wannan rauni ya samu a birnin Detroit sa'ad da ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu, kuma mutuwarsa ce ta sa shugaban Cadillac, Henry Leland, ya dage sai an samo wata hanya.

Kettering ba shi ne na farko da ya gwada ba. An taɓa sanya wa wata mota irin wannan na'ura a Ingila a 1896, kuma Clyde Coleman ya sami takardar mallakar irinta a Amurka a 1903. Abin da ya hana su yaɗuwa shi ne nauyi: bisa lissafin injiniyoyin lokacin, motar lantarkin da za ta iya juya inji sai ta yi girma ƙwarai, batirinta ma haka. Kettering ya ga cewa lissafin na motar da za ta yi ta aiki ba tsayawa ne, alhali tayar da inji aikin 'yan daƙiƙoƙi ne. Sai ya ƙera ƙarama wadda ke jan wuta mai yawa a lokaci guda. Na'urarsa tana juya injin, idan ya tashi kuma ta koma janareta tana cajin batir, batirin ya ba fulogi da fitilu wuta.

An gwada ta a motar Cadillac a watan Fabrairu na 1911, Leland ya yi odar guda 12,000 domin motocin 1912. An ba Kettering takardar mallakar fasahar mai lamba 1,150,523 a ranar 17 ga Agusta, 1915. Saboda wannan tsari Cadillac ya ci kyautar Dewar ta Ingila karo na biyu. Sauran kamfanoni suka bi sahu, Ford ya fara sanya wa Model T a 1919. Tuƙi ya sauƙaƙa ga mata da tsofaffi da duk wanda ba ya iya murɗa inji.

Yadda dabarar take a motocin yau

An raba sitata da janareta daga baya, kuma Vincent Bendix ya ƙera ƙaramin giya da ke shiga haƙoran babban faifan inji ya fita da kansa idan injin ya tashi. Amma tushen bai sauya ba. Sitatar ƙaramar mota mai batir na bolt 12 tana jan amfiya fiye da ɗari a lokacin tayarwa. Shi ya sa ƙaramin cikas a hanyar wuta yake rage mata ƙarfi: batir mai rauni, kan batir da ya yi tsatsa ko ya saki, waya siririya, ko wayar da ke haɗa batir da jikin inji idan ta zauna a kan fenti ko datti. Injin da aka sauke aka sake haɗawa yakan ƙara mata nauyi, domin sababbin ringi suna kama bango sosai, matsin iska ya ƙaru. Idan kuma an saita wuta ta riga lokacinta, injin yakan yi wa sitata turjiya, irin turjiyar da take karya hannun direbobin da. Tun da ba a yi ta don dogon aiki ba, riƙe makulli ana ta murzawa yana ƙona ta.

General Motors

A 1916 Kettering da Deeds suka sayar da Delco ga United Motors, wanda General Motors ya haɗiye a 1918. A wannan tsakani Kettering ya fito da Delco-Light, ƙaramin janareta na gidajen karkara da wutar gari ba ta kai ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jagoranci ƙera wani ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da bam, wanda aka gwada a 1918 amma ba a yi yaƙi da shi ba.

A General Motors sashensa ya yi aiki da kamfanin DuPont kan fentin Duco mai saurin bushewa, da kuma injin dizal marar nauyi wanda ya ja jirgin ƙasa na Zephyr a 1934. Injinsa mai sanyaya kansa da iska ta fikafikan jan ƙarfe bai yi nasara ba. Chevrolet ya fitar da shi a 1923, ya kuma janye motocin a shekarar.

Fetur mai dalma da Freon

Abubuwa biyu da aka samo a ƙarƙashinsa sun zama illa ga duniya. A watan Disamba na 1921 ma'aikacinsa Thomas Midgley ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana inji ƙwanƙwasa. An fara sayar da fetur mai dalma a Dayton a 1923, aka kafa kamfanin Ethyl a 1924, Kettering ne shugabansa na farko. A watan Oktoba na shekarar ma'aikata biyar suka mutu da gubar a matatar Bayway ta jihar New Jersey. Masana lafiya sun yi gargaɗi, amma bayan ɗan dakatarwa aka ci gaba da sayarwa. Dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na jihar Zamfara a 2010. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina a 2021.

Na biyu shi ne Freon, iskar firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda Midgley da abokan aikinsa suka samo bisa umarninsa. Ta maye gurbin iskoki masu guba da masu kama wuta, amma daga baya aka gano tana lalata rufin ozon na sararin sama, aka taƙaita ta da Yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Iyali da rasuwa

Ya auri Olive Williams a 1905, suka haifi ɗa ɗaya, Eugene, a 1908, wanda shi ma ya zama injiniyan dizal. Olive ta rasu a 1946 da ciwon daji. Kettering ya kafa gidauniya mai sunansa a 1927, kuma a 1945 shi da Alfred Sloan suka kafa cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan-Kettering a birnin New York. Ya yi ritaya a 1947, ya rasu a 1958 yana da shekara 82 bayan shanyewar jiki, aka binne shi a maƙabartar Woodland ta Dayton. Garin Kettering da ke maƙwabtaka da Dayton sunansa ya ci, haka ma Jami'ar Kettering ta birnin Flint a jihar Michigan, wadda aka sauya wa suna a 1998.