Aliyu Mai-Bornu, mutumen da ke kan naira dubu

Ɗan kasuwar Yamai mai zuwa sarin kaya Kano ko Sakkwato, dole ya canza sefa zuwa naira. In ɗan canji ya miƙo maka takardar naira dubu, kar ka yi saurin sa ta aljihu. Tsaya ka dube ta. Jikkarmu ta sefa ba ta da hoton wani sanannen mutum, amma wannan tana da mutum biyu. Mai hular nan shi ne Alhaji Aliyu Mai-Bornu. Na kusa da shi Clement Isong ne, wanda ya gaje shi a aiki. Sunayensu na nan rubuce, yanzu kai ma kana iya karanta su da kanka.

An haifi Aliyu a Yola, ƙasar Adamawa, cikin shekarar 1919. Iyayensa Barebari ne. Da farko ubansa ya ƙi a sa shi makarantar boko. Sai da Lamidon Adamawa ya sa baki kafin tsohon ya yarda. Da Lamido ya yi shiru, da hoton wani ne ke kan takardar nan.

Yaro ya yi karatu a Yola, ya wuce kwalejin Kaduna, ya fito malamin Ingilishi a 1942. Shekara goma yana riƙe da alli, a Yola da Kaduna. Daga baya ya tafi Ingila, jami'ar Biristol, ya karanta ilimin tattalin arziki. Ya gama a 1957, yana da shekara 38. Ku da ke ce mini kun tsufa da karatu, kun dai ji.

A 1959 aka buɗe Babban Bankin Najeriya, wato bankin da ke fitar da kuɗin ƙasa, kamar BCEAO a wurinmu. Shugabansa na farko Bature ne. Aliyu ya shiga bankin shekarar nan, ya zama mataimakin shugaba a 1962. A 1963 aka ba shi kujerar. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau ta. Aikin ba wasa ba ne. In an buga kuɗi fiye da kima, tsada ta taso, abin da talaka ya ɓoye ya zama banza. Cikin zamaninsa, a 1965, aka fitar da sababbin takardu masu sunan Jamhuriya.

Ya bar bankin a 1967, ya rasu a 1970. Allah ya jiƙan shi. Fam da sule ya sani, bai taɓa riƙe naira ba, don sai 1973 ta fito. Takardar dubu kuwa an buga ta a 2005, shekara 35 bayan rasuwarsa. A bayanta akwai hoton ginin bankin a Abuja. A 2022 an sake mata launi, ta koma shuɗiya, amma ba a taɓa hotunan ba.