Babikir Badri: Mayaƙin Mahadi Da Ya Koma Malamin Makaranta

Mu 'yan kasuwa ya kamata mu san Shehu Babikir Badri na ƙasar Sudan, domin shi ma ya taɓa fatauci. Tun yana saurayi ya bi Mahadi da zafinsa, aka kama shi a yaƙin da suka kai Masar a 1889. Da ya dawo sai ya shiga safarar ƙaro daga Omdurman zuwa Suwakin. A 1898 ya ga yadda bindigogin Turawa suka karkashe dubban 'yan'uwansa a Karari.

Bayan wannan bala'i sai ya rungumi karantarwa a garin Rufa'a. A 1907 ya buɗe wa 'yan mata makaranta a gidansa da yara 17, tara daga ciki nasa ne. Dattawa suka yi ta suka, Turawan mulki ma suna ɗari-ɗari don gudun fitina. Bai kafirta kowa ba, bai kuma fasa ba. A ganinmu, fara wa da 'ya'yansa da ya yi shi ya kashe bakin masu suka.

Daga baya makarantarsa ta Ahfad ta koma Omdurman. Ya rasu a 1954, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Yusuf ya kafa kwalejin mata ta Ahfad a 1966.