Carole Lombard: tauraruwar da ba ta ga fim ɗinta na ƙarshe ba

Yau mun waiwayi rayuwar Carole Lombard, ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan barkwanci na sinimar Amurka.

An haife ta ranar 6 ga Oktoba 1908 a garin Fort Wayne, jihar Indiana, sunanta na yanka Jane Alice Peters. Tana budurwa hatsarin mota ya bar mata tabo a fuska, amma hakan bai hana ta komawa gaban kyamara ba. Fim ɗin My Man Godfrey na 1936 ya sa aka saka sunanta cikin masu neman kyautar Oscar. A 1939 ta auri shahararren ɗan wasa Clark Gable.

A ƙarshen 1941 ta kammala To Be or Not to Be, fim na soyayya da ban dariya wanda Ernst Lubitsch ya shirya. Labarin wasu ƴan wasan kwaikwayo ne a birnin Warso na ƙasar Polan, waɗanda suka yi shigar burtu suka yaudari sojojin Hitler. Ita ce matar babban tauraron ƴan wasan, wadda wani matashin matuƙin jirgin yaƙi ke so.

A daidai lokacin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Carole ta tafi jiharsu don tara wa gwamnati kuɗin yaƙi, inda aka samu sama da dala miliyon 2. Kan hanyar komawa gida, ranar 16 ga Janairu 1942, jirginsu ya ci karo da dutse kusa da Las Vegas. Dukan mutum 22 da ke ciki sun rasu, har da mahaifiyarta. Shekarunta 33.

Da fim ɗin ya fito bayan rasuwarta, masu sharhi da dama sun yi tir da shi, suna ganin bai dace a yi raha da bala'in Polan ba alhali ana zubar da jini. Sai daga baya aka gane darajarsa. A 1996 Amurka ta saka shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi. Masu tara kayan tsofaffin finafinai kuwa suna neman hotunan tallarsa na asali a wuraren gwanjo, domin nan ne ta fito karo na ƙarshe.

Gable ya shiga soja a 1942. Da ya rasu a 1960, kusa da kabarinta aka binne shi.