Grace Hopper, Matar Da Ta Sa Kwamfuta Jin Maganar Mutane

Yau ga tarihin wata Ba'amurkiya, Grace Hopper, wadda ta sauƙaƙe wa 'yan koyo hanyar ba kwamfuta umarni.

An haife ta a birnin New York ran 9 ga Disamba, 1906. Tana da shekara bakwai ta kwance agogo bakwai na gidansu don ta ga abin da ke cikinsu. Uwarta ba ta hana ta ba, sai dai ta ware mata guda ɗaya. Ta sami digirin dakta a lissafi a Jami'ar Yale a 1934, ta kuma koyar a Kwalejin Vassar ta 'yan mata. A 1943 ta shiga sojan ruwa, aka tura ta Jami'ar Harvard aiki da wata ƙatuwar na'urar lissafi.

A wancan zamani kuwa kwamfuta ba ta jin kome sai lambobi, watau in ba gwanin lissafi ba, ba mai iya sa ta aiki. A 1952 Grace ta shirya wa na'urar wani irin tafinta, mai juya umarnin mutum zuwa lambobin da take ganewa. Da ta ce har da kalmomin Turanci za a iya ba da umarnin, sai aka ce ba shi yiwuwa. Ta dage, ta fito da harshen FLOW-MATIC. A kansa aka gina COBOL a 1959, wanda bankuna da ma'aikatu suka runguma. A 1964 kuma wasu malamai biyu, Kemeny da Kurtz, suka yi wa ɗalibai nasu harshen mai sauƙi, BASIC.

In tana koyarwa, takan raba wa ɗalibai guntun waya mai tsawon santimita 30, iyakar tafiyar da haske ke yi cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, don su riƙe abin a hannu su gane.

Ta bar aikin soja a 1986 tana da shekara 79, ta rasu ran 1 ga Janairu, 1992.

To, uwargida a Yankara ko Faskari, in yarinya ta kasa lissafi, kada a yi saurin ce mata daƙiƙiya. A fara mata da abin da ta sani, kamar awon tiya da canjin kasuwa, sa'an nan a kai ta ga lambobi. Sai mun sake saduwa.