Frederick Banting: Ɗan manomin da ya sha faɗuwa jarrabawa, ya zama likitan da ya samo allurar ciwon suga

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, akwai gidajen da ake guɗa, akwai waɗanda ake kuka, akwai kuma waɗanda ake yin jugum. Wato yaro ya ci amma da ƙyar, maki 10 cikin 20 ko ɗan sama da haka, alhali burinsa tun yana ƙarami shi ne ya zama likita. Daga Magarya zuwa Bande, daga Waca zuwa Dungas, uwar da ta yi shekara 13 tana tuyar ƙuli-ƙuli tana sayen littattafai, da uban da ke jigilar riɗi da wake zuwa kasuwar Maigatari, sai su shiga tunani: a bar shi ya sake gwadawa, ko a ba shi jari ya kama tebur? In mace ce ma sai a fara zancen aure. Saboda irin waɗannan gidaje ne a yau muka ɗauko tarihin Dokta Frederick Banting, mutumin ƙasar Kanada, wanda ya rasu tun shekarar 1941.

An haifi Banting ranar 14 ga watan Nuwamba 1891 a wata gona kusa da garin Alliston, cikin jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada. Shi ne auta cikin ƴaƴa biyar na William Banting da matarsa Margaret. Manoma ne masu rufin asiri, kuma yaron ya tashi cikin aikin gona da kiwon dabbobi. Yaro ne mai kunya, marar yawan magana, mai ƙwazo a wasanni, amma a cikin aji ba ya cikin na gaba. Babbar matsalarsa ita ce rubutu, domin haɗa baƙaƙen kalma daidai yana ba shi wuya ƙwarai. A jarrabawar ƙarshen sakandare ya faɗi a rubutun Ingilishi, wanda shi ne harshen da aka haife shi da shi, ya kuma faɗi a Faransanci, sai da ya sake zama kafin ya tsallake a shekarar 1910. Ƴan lakwal ɗinmu da dikte ke kayarwa za su gane irin wannan ciwon.

A shekarar 1910 ɗin ya shiga kwalejin Victoria ta jami'ar Toronto, a sashen karatun gama-gari inda harsuna ke da nauyi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙarshen shekara ya faɗi. A nan ne da yawa ke tattara kayansu su koma gida, kuma shi yana da gonar da zai koma. Bai koma ba. Ya yarda ya maimaita ajin, yana cikin maimaitawar ne ya rubuta wa jami'a takardar roƙo a watan Fabrairu 1912 cewa a mayar da shi sashen likitanci. Aka amince, ya fara karatun likita a watan Satumba na wannan shekarar. Da aka sauke mishi nauyin harsuna aka sa shi gaban ilimin jikin ɗan Adam da aikin hannu, sai makinsa ya tashi. Bai zama na ɗaya ba, amma ya ɗara matsakaicin ɗalibi, kuma hankalinsa ya karkata ga aikin tiyata.

Yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Banting ya nemi shiga soja aka ƙi shi saboda raunin ido, sai a 1915 aka karɓe shi a sashen lafiya na rundunar Kanada. Saboda ana buƙatar likitoci a fagen daga, jami'a ta matse musu karatun shekarar ƙarshe, ya samu takardarsa a watan Disamba 1916. An tura shi Ingila, daga nan Faransa. A watan Satumba 1918, a gumurzun Cambrai, ɓarɓashin bam ya same shi a hannun dama, amma ya ci gaba da ɗaure raunukan sojoji na tsawon sa'o'i kafin ya yarda a duba shi. Wannan ne ya sa aka ba shi lambar jarumta a 1919.

Bayan yaƙi ya koyi tiyata a asibitin yara na Toronto, amma bai samu gurbin zama ma'aikacin dindindin ba. Sai ya ci bashi ya sayi gida a wani gari na Ontariyo mai suna Landan (ba Landan ta Ingila ba), ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya ranar 1 ga watan Yuli 1920. Duk wanda ya taɓa buɗe sabuwar rumfa ya zauna daga safe har yamma ba wanda ya taya, ya san halin da ya shiga. Sai da ya yi mako huɗu kafin mutum na farko ya shigo, kuma abin da ya samu a wannan watan gaba ɗaya dalar Kanada 4 ne. Don ya samu na cefane ya karɓi ɗan aikin koyarwa na wucin gadi a jami'ar garin.

Wannan ɗan aikin ne ya zama sila. A daren 30 ga watan Oktoba 1920 yana shirya darasi a kan wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ya karanta rubutun wani likita mai suna Moses Barron. Tun 1889 masana a Jamus sun nuna cewa idan aka cire wa kare wannan tsoka sai ciwon suga ya kama shi. An san ke nan akwai wani sinadari a cikinta da ke daidaita sukarin jini, amma an kasa fitar da shi da tsabtar da za a yi wa mutum allura. A wancan zamani yaron da ciwon suga ya kama hukuncin mutuwa ne a kansa. Abin da likitoci ke iya yi kawai shi ne su rage mishi abinci matuƙa, ya ɗan ƙara watanni yana ramewa har ya cika. Cikin daren nan Banting ya tashi ya rubuta dabarar da ta zo mishi: a ɗaure bututun tsokar a jikin kare, ɓangaren da ke narkar da abinci ya shanye, sannan a tatso sinadarin daga abin da ya rage.

Ya kai maganar gaban Farfesa John Macleod na jami'ar Toronto, wanda gwani ne a wannan fanni. Macleod ya ga saurayin bai karanci ayyukan magabata sosai ba, kuma bai taɓa yin bincike ba, don haka bai ɗauki abin da zafi ba. Banting ya yi ta komawa har aka ba shi wani ɗan ɗakin gwaji, da karnuka, da ɗalibi guda mai suna Charles Best don ya riƙa auna mishi sukarin jini. Suka fara aiki ranar 17 ga watan Mayu 1921, Banting ba shi da albashi, Macleod kuma ya tafi hutu ƙasarsu Sikotland. Karnuka da dama sun mutu a hannunsu a makonnin farko. Sai a ƙarshen watan Yuli suka yi wa wani kare mai ciwon allurar abin da suka tatso, suka ga sukarinsa ya sauka. Daga baya suka gane ba sai an ɗaure bututu ba, ana iya samun sinadarin daga fankiriyas ɗin shanu da ake karɓowa a mahauta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da suka tatso yana da datti, don haka a watan Disamba 1921 aka kawo masanin sinadarai James Collip ya tace shi. Ranar 11 ga watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko a babban asibitin Toronto. Ba ta yi wani tasiri ba, wurin allurar ma ya yi ƙurji. Ranar 23 ga watan aka sake yi mishi da wadda Collip ya tace, sukarinsa ya faɗo, yaron da ake jiran ajalinsa ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. A watan Agusta na shekarar aka kawo wa Banting wata yarinya, Elizabeth Hughes, ɗiyar ministan harkokin wajen Amurka, tana dab da shekara 15 amma nauyinta bai wuce kilo 20 da ɗan kai ba. Ta murmure, ta yi aure, ta haifi ƴaƴa uku, ba ta rasu ba sai 1981. Sunan da aka sa wa maganin shi ne insulin.

Ga inda ƴan kasuwa za su jinjina. A watan Janairu 1923, Banting da Best da Collip suka miƙa wa jami'ar Toronto haƙƙin mallakar maganin a kan dalar Kanada ɗaya ga kowannensu, don kada wani ya riƙe shi ya tsawwala wa marasa lafiya. A wannan shekarar aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel ta fannin likitanci, Banting yana da shekara 32 lokacin bikin, kuma har yau ba a samu wanda ya karɓi ta wannan fanni da ƙarancin shekaru kamarsa ba. Ya fusata da aka bar Best a baya, sai ya raba kuɗin kasonsa biyu ya ba shi rabi. Macleod shi ma ya raba nasa da Collip.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Mutum ne mai zafin rai da riƙo. Ya yi ta zargin Macleod da neman ƙwace mishi suna, ya riƙe shi a zuci har ƙarshe, kuma akwai ranar da gardama tsakaninsa da Collip ta kai ga cacumar kwala. Masana tarihi sun nuna cewa ba don ilimin Macleod da gwanintar Collip ba, da aikin bai kai ga marasa lafiya da wuri haka ba, sannan wasu masana, irin su Nicolae Paulescu na ƙasar Romaniya, sun yi nisa a wannan bincike kafin su. Aurensa na farko, na 1924, ya mutu a 1932 bayan sun samu ɗa guda, ya sake aure a 1939. Binciken da ya yi daga baya a kan ciwon daji bai haifar da wani abin a zo a gani ba. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar girmamawa a 1934. A yaƙin duniya na biyu ya koma aikin lafiyar matuƙa jiragen sama, kuma yana kan hanyar zuwa Ingila ne jirginsu ya faɗi a tsibirin Newfoundland. Ya rasu ranar 21 ga watan Fabrairu 1941 yana da shekara 49. Ana bikin ranar ciwon suga ta duniya a ranar haihuwarsa, 14 ga watan Nuwamba.

To, mene ne namu a ciki? Kada wani ya ji wannan labari ya ce maki ba komai ba ne. Zamanin Banting takardar roƙo ta isa a buɗe maka ƙofa, yau kuwa masu neman sashen likitanci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, dole a duba maki. Abin lura shi ne inda Banting ya faɗi da inda ya tashi. Harsuna ne suka kayar da shi, ilimin kimiyya ya ɗaga shi. Saboda haka kafin iyaye su yanke hukunci, a ɗauki takardar makin a kai wa malamin da aka yarda da shi ya karanta ta darasi bayan darasi. Yaron da ya yi kyau a ilimin halittu da fizik da shimi amma Faransanci ko filozofi suka ja shi ƙasa, daban yake da wanda kimiyyar ce ba ta shiga kansa. Na farkon ya cancanci a ƙara mishi shekara. Na biyun a taimaka mishi ya nemi wata hanya tun da wuri, ba abin kunya ba ne.

Haka kuma ƙofar aikin lafiya ba ɗaya ba ce. Akwai makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati a Damagaram, inda ake horar da malaman asibiti da ungozoma, kuma gundumominmu na Magarya da Dungas suna da jama'a masu yawa da ke buƙatar su. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne dillalan da ke cewa a kawo kuɗi su samo gurbi, da makarantun da ba a tabbatar gwamnati ta amince da takardarsu ba, ko a nan gida ko a tsallaken iyaka. A bincika kafin a sayar da akuya ko a ɗebi kuɗin adashi. Banting bai sayi gurbi ba, maimaita aji ya yi. Karatun likita kuma shekara bakwai ne ko fiye, don haka gidan da zai shiga sai ya yi lissafinsa kamar yadda ake lissafin kaya kafin a sara.

Daga ƙarshe, duk wanda ke fama da yawan ƙishirwa, da yawan fitsari dare da rana, da rama ba dalili, ya je asibiti a auna mishi suga. Ba kowane mai ciwon ke buƙatar insulin ba, likita ne ke faɗa, kuma allurar ba ta warkar da ciwon, riƙe shi take yi muddin ana yin ta a kan ƙa'ida. Wanda aka ɗora a kanta kada ya bari don wani ya kawo mishi jiƙo.