Audu Baƙo: Gwamnan da ya gina wa talakan Kano wurin shaƙatawa

Duk ranar Sallah, da zarar an sauko daga Idi an ci tuwo, akwai titi guda a birnin Kano da ba ya biyuwa cikin sauƙi. Motocin haya da 'yan adaidaita sahu kan yi ta sauke yara da iyayensu a ƙofar gidan adana namun daji, wanda kowa ya fi sani da Gidan Zoo. Wasu daga cikin gari suke, wasu daga ƙauyuka, wasu ma daga Jigawa da Katsina. Da yawansu a nan suka fara ganin zaki da idonsu, a nan suka fara hawa lilo. Gidan yana ɗauke da sunan Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya rasu a 1980. Yau fiye da shekara 50 da buɗe shi, ana ta muhawara kan makomarsa: a bar shi inda mai shi ya kafa shi, ko a kwashe dabbobin zuwa bayan gari.

Ɗan bariki

An haifi Audu Baƙo a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki. Kaduna ta wancan lokaci sabon gari ce da Turawa suka kafa ta zama hedikwatar Arewa, ta tara ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da akawuna daga kowane sashe na ƙasar. A cikin wannan cakuɗa yaron ya tashi, yana jin harsuna iri-iri, yana ganin yadda ake tsara gari da layuka da lambuna.

Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya. A 1942 ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga bisani ya kai muƙamin mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan aiki ya zagaya da shi masarautu, ya san fada da kasuwa da ƙauye, ya kuma ga inda mulkin En'e yake da ƙarfi da inda ya gaza.

Sabuwar jiha a cikin yaƙi

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, ya naɗa Audu Baƙo gwamnan Jihar Kano. Jihar a lokacin ta haɗa da yankin da ya zama Jigawa a 1991, da masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure. Ba a yi wata biyu ba yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnan ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a da arzikin gyaɗa, amma ba ta da isassun ofisoshi, ba ta da isassun ƙwararrun ma'aikata, kuma hankalin gwamnatin tarayya yana fagen daga.

Ya tara majalisar kwamishinoni da ta haɗa tsofaffin abokan hamayya. Akwai Maitama Sule da ya fito daga NPC, akwai Tanko Yakasai na NEPU, akwai attajiri Aminu Ɗantata, akwai Inuwa Dutse a ma'aikatar gona. Da su ya gyara tsarin ƙananan hukumomi, ya mayar da wasu ayyukan En'e hannun gwamnatin jiha, a zamanin da Sarkin Kano Ado Bayero yake farkon sarautarsa. Ya buɗe makarantun 'yan mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan ilimin mata. Ya gina sakatariyar jiha, wadda ita ma yau sunansa take ɗauke da shi.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne ruwa. A 1969 aka fara madatsar ruwa ta Bagauda, wadda ta shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Bayanta aka ɗora madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya ƙone Sahel ya kashe dabbobi ba adadi. Tafkin Tiga yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma da shi ake noman rani na shinkafa da alkama da tumatir a Kura da Garun Malam da Bunkure har yau. Aikin bai rasa illa ba. Masana sun nuna cewa tare ruwan a sama ya rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, ya taɓa masunta da makiyaya da manoman ƙasa.

Hutu ma aikin gwamnati ne

Abin da ya bambanta Audu Baƙo da yawancin masu mulkin zamaninsa shi ne yadda ya ɗauki shaƙatawa. Tun farkon mulkinsa gwamnatinsa ta fitar da tsarin bunƙasa yawon buɗe ido. Kano tana da filin jirgin sama da ke karɓar jirage daga Turai da ƙasashen Larabawa, tana da ganuwa da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da hawan Sallah. Baƙi kan zo su kalli waɗannan su wuce. Gwamnan ya so su sami masauki su kwana, su kashe kuɗinsu a jihar, ya kuma so mutumin gari ya sami inda zai kai iyalinsa ranar hutu.

Shi ya sa kusan duk inda ya tara ruwa sai ya kafa wurin hutawa a gefensa. A bakin tafkin Bagauda aka gina otal mai ɗakuna irin na zagayayyen ɗakin Hausa. A Tiga aka gina wani a kan dutse, yana fuskantar tafki. A cikin birni aka gina Otal ɗin Daula. Waɗannan duka na masu hali ne da baƙin gwamnati.

Na talaka shi ne Gidan Zoo. An fara aikinsa a 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 1972, a fili mai faɗin hekta 46 a kudancin birni. Wurin a lokacin bayan gari ne, gonaki ne suka kewaye shi. Aka dasa itatuwa, aka fitar da hanyoyin ƙafa a cikin inuwa, aka yi kejin zaki da kura, da tafkin kada, da filin giwa da raƙumin dawa da jimina. Kuɗin shiga kaɗan ne, yadda mai faci da ɗan dako za su iya biya wa 'ya'yansu. Ɗan Kano ya san giwa da zaki a tatsuniya da kirarin sarakuna, amma daji ya riga ya yi nisa da shi. Gidan ya dawo masa da su kusa.

Audu Baƙo ba shi kaɗai ne ya yi wannan tunani ba. Takwaransa Joseph Gomwalk na Jihar Binuwai da Filato, wanda shi ma kwamishinan 'yan sanda ne, ya kafa gandun namun daji na Jos a 1972. A Maiduguri, babban birnin Jihar Arewa maso Gabas wadda Yola da Jimeta suke ƙarƙashinta a wancan zamani, an raya lambun Sanda Kyarimi a daidai waɗannan shekaru. Sababbin jihohi ne, kowace tana son nuna cewa ta isa.

Sauka da rasuwa

Ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon, Murtala Muhammad ya hau. Aka sauke gwamnonin nan 12, Kanar Sani Bello ya karɓi Kano. Kwamitin binciken kadarori da sabuwar gwamnati ta kafa ya wanke biyu kawai daga cikinsu, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Baƙo yana cikin goman da hukunci ya hau kansu. Ya bar Kano ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, har Allah ya karɓi ransa a 1980, bai kai shekara 60 ba.

Mutanen Kano kuwa sun yi nasu hisabin daban. Duk gwamnan da ya zo bayansa, da ayyukansa ake auna shi. Sakatariya da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta da Gidan Zoo duk sunansa aka sa musu.

Abin da ya saura

Wuraren shaƙatawar da ya bari ba su ci gaba da tafiya tare ba. Otal ɗin Bagauda ya daina aikin otal, ya zama harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya reshen Kano. Na Tiga ya shafe shekaru baƙi ba sa zuwa kamar da. Daula ta lalace, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta miƙa filinta ga 'yan kasuwa, sannan a watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe sabon ginin da aka yi a wurin, abin da ya kai ga shari'a.

Gidan Zoo ne ya ci gaba da aikin da aka gina shi dominsa, domin jama'a ba su taɓa daina zuwa ba. Sai dai birni ya cim masa ya wuce. Titin da ke gabansa ya zama ɗaya daga cikin mafi hada-hada a Kano, da filin baje koli, da katafaren kantin Ado Bayero, da ofisoshin masu shirya finafinan Hausa. Unguwanni irin su Gandun Albasa da Sheka da Tukuntawa sun kewaye shi. Filin da aka yanka a cikin gonaki ya zama ɗaya daga cikin filaye mafi tsada a jihar.

Shekarar 2019 ta tona raunin gidan. A watan Yuni aka nemi kusan naira miliyan 7 na kuɗin shigar bikin Sallah aka rasa, labari ya bazu har ƙasashen waje cewa goggon biri ne ya haɗiye su, gwamna ya fito ya ce babu goggon biri a gidan, ya sa a bincika. A watan Oktoba zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe gidan, maƙwabta suka kwana cikin zullumi kafin a mayar da shi. A 2020 gwamnatin Ganduje ta bayyana shirin mayar da gidan Tiga.

Muhawarar ƙaura

Masu goyon bayan ƙaura suna da hujja. Namun daji ba sa son hayaniya da hayaƙin motoci. Kejin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya yi wa manyan dabbobi kaɗan bisa abin da masana suka sani yau. Kuɓucewar zaki a tsakiyar unguwanni ba abin wasa ba ne. Tiga tana da ruwa da fili, kuma ita ma aikin Audu Baƙo ce, don haka a ganinsu kai dabbobin can raya tsarinsa ne gaba ɗaya.

Masu adawa suna duban wanda aka gina wa gidan. Tiga tana da nisan kimanin kilomita 70 daga birni. Uwar da ke ɗaukar yara biyar a adaidaita sahu ta kai su Gidan Zoo ba za ta iya kuɗin motar Tiga ba, haka ma makarantar firamaren da ke kai ɗalibai ziyarar ilimi. Ga itatuwan da suka shekara 50, waɗanda suke cikin 'yar inuwar da ta rage wa birnin da filayensa suke ta komawa shaguna. Tsoronsu shi ne, ranar da dabbobi suka fita, a yanka filin fuloti-fuloti. Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a yi ƙaurar ba.

Wasu biranen duniya sun bi ta wannan mararraba. Gidan namun daji na Landan, wanda aka buɗe a 1828, shi ma gari ya kewaye shi. Masu kula da shi suka buɗe wani babban gandu a Whipsnade, can karkara, a 1931, kuma a 2001 suka mayar da giwayensu can. Tsohon gidan yana nan a tsakiyar birni da dabbobin da wurin zai iya ɗauka. A Amurka ma, inda Walt Disney ya buɗe lambun wasansa a 1955, har yau ana taƙaddama duk lokacin da aka rushe wani tsohon abin hawa don a kafa sabo, tsakanin masu kishin aikin waɗanda suka zana shi da masu cewa wurin wasa sai da sabuntawa. A gida kuwa, ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta hallaka mafi yawan dabbobin Sanda Kyarimi, ta nuna cewa gadon da ba a kashe masa kuɗin kariya, dare ɗaya ya ishe shi.

Rayuwar Audu Baƙo ta ba wannan muhawara ma'auni mai sauƙi. Mutum ne da bai ji tsoron sabon abu ba: ya tare kogi, ya sauya tsarin En'e, ya kafa gandun dabbobi a inda babu. Gyara keji, ko mayar da giwa da zaki inda za su sami sarari, bai saɓa wa halinsa ba. Amma ya kafa gidan a inda talaka zai iya isa, ya sa kuɗin da talaka zai iya biya, kuma wannan ne ya raya shi a lokacin da manyan otal-otal suka mutu. Duk shawarar da hukumomi za su yanke kan hekta 46 ɗin nan, da wannan za a auna ta: ko yaron Sheka da na Wudil za su ci gaba da samun wurin zuwa ranar Sallah.

Allah ya jiƙan Audu Baƙo, ya gafarta masa.